Mai kaza a aljihu

Ban kama sunan kowa ba. Na fara da wannan ne domin na san kafin a yi la'asar wani zai turo mini yaransa su cika mini waya da zagi. To, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, shi ma wanda ake yi da shi ya sani.

Akwai wani bawan Allah a garin nan namu na Kaduna, kwana biyu ya ɗaura rawanin "mai sharhi ba sani ba sabo". Jiya na gan shi yana kumfar baki a shafinsa na intanet, wai duk ɗan takarar shugaban ƙasa da ya guje wa muhawara bai cancanci ƙuri'ar talaka ba. Maganar ba ta da laifi. Bakin da ta fito ne ya sa na ajiye kofin shayina.

Malam, mu fa tare muka girma, kuma Allah bai jarrabe ni da mantuwa ba. A 2011, lokacin da Jonathan ya ƙi zuwa muhawarar gidan talabijin na NN24, ya bar Buhari da Ribadu da Shekarau a kan dandamali, wa ya kwana yana kiransa matsoraci a teburin mai shayi a Tudun Wada? Kai ne. Shekara huɗu bayan nan, a 2015, da Buhari ya ce ba za shi ba, wa ya ce mana muhawara surutun 'yan boko ce, aiki ake so ba iya Turanci ba? Kai ne dai, da bakin nan naka. Sai 2019, ka sake hula. Ranar 19 ga Janairu aka yi muhawara a Abuja, ka yi ta yayata cewa Buhari ya gudu. Gaskiya ne bai je ba. Abin da ka haɗiye shi ne Atiku ya isa har wurin, ya ga abokin karawarsa ba ya nan, ya ƙi hawa, aka bar sauran 'yan takara, Moghalu da Ezekwesili da Durotoye, suna magana. Rabin labari ka sayar wa mutane a farashin cikakke.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na gida. A watan Oktoban 2022 ƙungiyoyin Arewa suka gayyato 'yan takara zuwa Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ke kan titin Rabah. Atiku ya zo, Tinubu ya zo, Peter Obi ya zo, Kwankwaso ya ƙi. Cikin waɗanda suka zo, kowannensu ya zauna ya yi dogon bayani a kan tsaro da noma da ilimi, abubuwan da mutumin Birnin Gwari da na Giwa ke kwana da su suna tashi da su. Kai me ka kawo wa mabiyanka daga wurin? Guntun bidiyo. Ka yanke kai, ka yanke gindi, ka bar tsakiyar da za ta tunzura jama'a, ka ɗora mata kanu da manyan baƙaƙe. Na kira ka a daren na ce, wane, ai mutumin nan bai ƙarasa jimlar ba ka datse. Ka yi dariya ka ce mini siyasa ba masallaci ba ce. Ban manta ba, kuma saƙon da ka biyo da shi yana nan a WhatsApp ɗina.

Da zaɓe ya matso kuma ka fito da wani "binciken jin ra'ayi" wanda ba a san wa ya yi ba, ba a san su wa aka tambaya ba, wai gwaninka zai share Kaduna tas. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 ta zo ta wuce. Atiku ya samu 554,360 a jihar nan, Tinubu 399,293, Obi 294,494, Kwankwaso 92,969. Ba wanda ya kai rabi. Washegari na leƙa shafinka, binciken ya yi ɓatan dabo, sai hoton furanni da addu'ar zaman lafiya.

Ni ban ce kada mutum ya yi gwani ba. Ina da nawa, kowa ya sani, har faɗa na yi da kawuna a kansa ranar suna. Sojan baka ma sana'a ce, kuma wanda ya sayi fili a rediyo ya ce ga jam'iyyar da ta ɗauki nauyin shirinsa, na fi ganin mutuncinsa. Abin da ba ya shiga kaina shi ne a karɓi na goro da daddare, da safe a sa babbar riga a ce wai al'umma ake wa magana. A ƙasar da aka raɗa wa jarida suna Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, nan Zariya kusa da mu, kai ka lissafa ka ga kwabon ya fi.

Yanzu na ga an fara kaɗa gangar wani zaɓen, ka wanke ido, ka dawo da wa'azin muhawara. Madalla. Ni dai na ɗauki hoton rubutun na jiya na adana, kusa da na 2019 da na 2022, muna jiran ranar da sabon ubangidan naka zai ce yana da uzuri. Kuma mai shayin nan na Tudun Wada ya ce in na gan ka in gaishe ka, har yanzu littafinsa yana buɗe a shafinka.