Masu cewa yaran da sun fi lafiya

Duk mai cewa yaran da sun fi na yanzu lafiya, ya je ya tambayi kakarsa nawa ta haifa, nawa suka rayu. A nan Garwa ta ƙasar Kamaru, gidaje da yawa amsar da zai ji ita ce rabi sun koma. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe ba don daɗinsu aka raɗa su ba, uwa mai wabi ce ta gaji da binnewa.

Abin da ke kwashe su sananne ne: ƙyanda in bazara ta shigo, zazzaɓin cizon sauro da damina in Binuwai ta cika, gudawa lokacin yaye, tarin shiƙa. Sai cibiya. A yanke ta da tsohuwar reza, a barbaɗa toka, wajen ranar suna jariri ya ƙi kama nono, muƙamuƙi ya sarƙe, jiki ya sandare. A ce mayu ne, alhali ƙwayar cuta ce ta bi ta cibiyar, kuma allurar da ake yi wa mai ciki tana kare shi.

Ba ma sai an koma zamanin kakanni ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2011 ya nuna a jiharmu ta Arewa yara 191 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar, yayin da Kamaru gaba ɗaya take da 122. A 2018 adadin ƙasar ya sauka zuwa 80. Wannan sauƙi daga Allah ne, amma da sanadi: rigakafi, gidan sauro, maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina tun 2016. A Janairun 2024 kuma aka fara allurar rigakafin zazzaɓin kansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ya rage a hannunmu. Har gobe ana matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, shi kuwa shi ne garkuwar jariri ta farko. Har gobe ana kiran wanzami ya cire wa ɗan kwana uku beli. Na ga jaririyar maƙwabta bayan an cire mata, jini na bin gefen bakinta, ta kasa tsotso, uwar na kuka amma ba ta da bakin musa wa surukarta.

Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, ba raini ba ne. Mu kuma maza, maijego ba za ta iya hana wanzami shiga gida ba, mu ne za mu iya.