Sabon gida bai sha damina ba tukuna

Yawancin masu neman gida sun ɗauka wanda ya sayi sabo ya huta da gyara. Ban yarda da wannan ba. Tsohon gida ya riga ya tona asirin kansa: inda zai yi yoyo ya yi, bangon da zai tsage ya tsage, maƙwabta sun san ko ruwa na kwanciya a ƙofarsa. Sabo kuwa ba wanda ya taɓa kwana a ciki, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ma ba ta gama zama da nauyinsa ba. Abin da mai saye ke gani fenti ne da tayil da fitilu masu ƙyalli, su ne kuma mafi sauƙin canzawa. Abin da zai ci masa kuɗi gobe a binne yake: harsashi, rodi, waya da bututu.

Wanda ya gina don ya sayar ba lallai ne ya zama macuci ba, amma lissafinsa daban ne da na wanda zai zauna da iyalinsa. Duk buhun simintin da ya rage riba ce, kuma ya san mai saye ba ya tona ƙasa. Saboda haka binciken ya rataya a wuyanka.

A fara da takardu, tun kafin gidan ya shiga ranka. Lauyanka, ba na mai gida ba, ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan wa ke kan takardar mallaka, kuma ba a jinginar da ita a banki ba. Ka nemi izinin gini da zanen da hukuma ta amince da shi, ka riƙe zanen a hannu kana zagaya gidan. Idan a takarda gidan ƙasa ne amma a fili an ɗora bene, to harsashin yana ɗauke da kayan da ba a lissafa masa ba, hukuma kuma tana da hujjar zuwa da jan fenti.

Harsashi ba ya ganuwa, amma tarihinsa yana bakin mutane. Tambayi waɗanda suka riga gidan zama a wurin: me ke nan kafin a yi gini? Kududdufin da aka cike ko tsohuwar bola ƙasa ce mai lotsawa a hankali. Cikin wata nawa aka tashi ginin? Kankare na buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa, kuma a makon farko sai ana ba shi ruwa. Inda aka zuba dakin, wato rufin kankare, aka yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da shi don a ci gaba da ɗora bulo, raunin yana nan ko an shafe shi da filasta. Maginin da ya san ya yi aikin kirki ba ya ƙyashin nuna hotunan rodin kafin a zuba kankare.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar silin gashi da ta bazu a fuskar filasta yawanci bushewa ce kawai. Wadda za ta tsayar da kai ita ce mai tasowa daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi sama a karkace, ko mai bin layin bulo tana hawa daki-daki, musamman in ta fi faɗi a gefe ɗaya kuma ka fita waje ka same ta a daidai wurin. In ta kai milimita 5, magana ta koma hannun injiniya. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe. Wadda ke cijewa a sabon gida, ko dai kafinta ya yi sakaci ko ginin ya fara motsi. Ka haska tocila a jikin bango daga gefe: inda aka toshe tsaga aka sake fenti zai fito ɓaro-ɓaro.

Ruwa ne ya fi komai lalata gida, shi ya sa nake ganin kuskure ne a ƙulla ciniki ba a ga gidan bayan an ɗauke ruwan sama ba. A ranar za ka ga inda ruwan indararo ke zuba, da ko tsakar gida na tura shi waje ko jikin bango. Daɓen ɗaki ya kamata ya ɗara tsakar gida tsayi, tsakar gida ta ɗara titi, shimfiɗar da ke hana danshi hawa bango kuma ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasa. Fentin da ke kumbura a gindin bango, ko wani farin gari kamar gishiri, alama ce danshi ya fara hawa, kuma sabon fenti ba ya maganinsa. A sa tsani a leƙa cikin silin da rana. In ka hango haske ta jikin kwano, ruwa ma ya hango hanya. A duba ko an shafa wa katakon rufin maganin gara.

A banɗaki, cika bokiti ka sheƙa a ƙasa ka tsaya ka gani. Ruwan ya nufi magudana da kansa, ko ya taru a kusurwa, ko ya gangaro ƙofar ɗaki? Buɗe duk famfunan gidan lokaci ɗaya ka ga ƙarfinsu, sannan a rufe, a yi wa tanki alama, a dawo washegari. In ya ragu, wani bututu na tsiyaya cikin bango. Ƙwanƙwasa tayil da ɗan makulli: mai amo kamar fanko ba ta kama ba, za ta fashe. In akwai rijiya ko burtsatse, a auna tazararsu da ramin salga. Ƙasa da mita 15 wasa da lafiyar yara ne.

Wutar lantarki ba ta ba da wa'adi, don haka sai an kira masani. Ya kwance soket biyu ko uku ya ga kaurin waya: ta soket murabba'in milimita 2.5 ce, ta fitila 1.5, na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa kowace da layinta da makatsinta. Ya kankare bakin wayar ya ga ko tagulla ce har ciki, don akwai alminiyom da ake yi wa rufin tagulla. Ya gwada wayar ƙasa, wato wadda ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, da na'urar da ke katse wuta in ta ja mutum. Gobarar da waya ke haddasawa tana iya farawa cikin silin mutane na barci.

Wani zai ce kuɗin injiniya da lauya ƙarin nauyi ne ga wanda ya tattara duk abin da ya mallaka. Gaskiya ne, amma bai kai kuɗin fasa bango a canza bututu ba, balle na ɗaure harsashi. Wani kuma yana jin nauyin mai gida, kada a ce bai yarda da shi ba. Mai sayarwar da ya hana ka kawo naka masanin ya riga ya ba ka amsa. Wanda zai biya tun gida yana kan takarda kuwa cinikin biri a sama yake yi, sai fa in ya rarraba biyan bisa matakan aiki, ana dubawa kafin kowane biya.

Duk da haka akwai aibin da ba mai gano shi sai an zauna, kuma a nan ne nake ganin ana cutar masu saye. Tun kusan shekara 3,800 da suka wuce dokokin Sarki Hammurabi na Babila suka ce in bango ya yi rauni, magini ya gyara da kuɗinsa. A Faransa dokar 1978 ta ɗora wa magini alhakin manyan aibobin gini har shekara 10, ta kuma tilasta masa yin inshora. A Birtaniya yawancin sababbin gidaje na zuwa da garantin shekara 10, shekara biyun farko magini ne ke gyara. Inda doka ba ta yi maka wannan gata ba, ka nema wa kanka a yarjejeniya. A manyan kwangilolin gini an saba riƙe kusan kashi 5 cikin 100 na kuɗi har a wuce wa'adin gyara na wata 6 zuwa 12, kuma ban ga dalilin da zai hana mai sayen gida ɗaya yin haka ba. A rubuta duk aibin da aka gani, ɗaki bayan ɗaki, da hotonsa da ranar da za a gyara, ku biyu ku sa hannu gaban shaidu, ragowar kuɗin kuma ta zauna hannun lauya har damina ta shiga ta fita.