Olonkar gari a kasuwar Aboabo

Jiya bayan la'asar, a wannan azumi na 2020 da ya same mu cikin annobar korona, na shiga kasuwar Aboabo ta Kumasi sayen gero da sukari na buɗa-baki, sai na ga abin da ya hana ni barci. Wata tsohuwa ce ta tsaya a gaban shagon wani yaro da na san mahaifinsa. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro sidi 10 da ta ƙudundune, ta ce a auna mata olonka ɗaya, wato gwangwanin awo, ta garin rogo. Yaron bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba ya ce sidi 20. Ta ce, "Ɗana, ai goma na saya kafin a kulle gari." Ya ce, "Mma, haka kasuwa take yanzu. In ba ki saya ba wani zai saya." A bayansa buhuna ne jere har rufin shago, kuma na san tun farkon watan Maris suke nan, domin a gabana aka sauke su. Na ce masa, "Kai, wannan ba sa'ar kakarka ba ce?" Ya ce, "Baba, kasuwanci na fito yi, ba sadaka ba."

To, da ku nake, samarinmu masu shaguna da tebura a Aboabo da Asawase da Alabar da Sabon Zango, da waɗanda ke da rumfa a Kejetia. Ni ba maƙiyinku ba ne. Da yawanku a gabana kuka tashi, ina alfahari da yaron da ya riƙe sana'a bai zauna a bakin titi ba. Amma abin da kuka yi a wannan annoba abin kunya ne, kuma har yau ba ku daina ba.

Ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko masu korona a Ghana. Ranar 30 ga wata aka kulle Accra da Kumasi, aka yi mako uku ana zaune. Tela ya rufe shago, mai aski ya rufe, direban pragya ya ajiye keke, mai gyaran waya ya koma gida ba ko sisi. Su wa aka bari su fito? Masu sayar da abinci. Ku aka buɗe wa ƙofa lokacin da aka rufe ta sauran masu sana'a, sai kuka ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Kwana biyu kafin kullen, da mutane suka cika kasuwa cikin firgici, da safe farashi ɗaya ne, da azahar wani, kafin magariba an sake ɗorawa. Kaya ɗaya, buhu ɗaya, babu motar da ta kawo sabo.

Kada wani ya ce mini ai an rufe iyaka. An rufe, amma ba a hana motocin kaya shigowa ba. Kuma ko da an hana, in albasa daga Nijar take zuwa, tumatir daga Burkina, garin rogo daga wace ƙasa yake zuwa? Nan cikin Ghana ake noma rogon, nan ake soya shi. Gwamnati ta ɗauke kuɗin ruwa na wata uku, Afrilu da Mayu da Yuni, ta rage rabin kuɗin lantarki, wato kai ma an sauƙaƙa maka. Wa ka sauƙaƙa wa? An janye kullen tun 20 ga Afrilu, ga azumi ya kama, maimakon farashi ya sauko sai kuka sami sabon dalili. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Tsadar ma da ta tsaya a baki da sauƙi. Akwai mai buga gindin olonka da dutse don ta lotsa ciki, ya auna maka kana kallo, ka je gida ka tarar da kofi guda ya tafi. Akwai mai cewa sukari ya ƙare alhali yana ɗakin baya yana jiran goman ƙarshe. Akwai wanda ya sirka man tsaftace hannu da ruwa ya sayar wa mai jego ninki uku, ita tana ganin ta kare jaririnta. Wannan kam ban san sunan da zan ba shi ba banda mugunta. Duk kun yi makarantar allo, kun san sura guda ce ta sauka a kan masu tauye mudu, da "wailun" ta fara. Kun san Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kun san ya ce babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo. Kuna azumi, kuna tauye wa mai azumi.

Shi wannan yaron, takunkuminsa a ƙarƙashin haɓa yake, bokitin Veronica na wanke hannu da ke ƙofar shagon ko ɗigon ruwa babu, sabulun ya bushe ya tsage. Wannan ma wata cuta ce tamu: sai an hango ɗan sanda ake ja takunkumi sama. Kuma ribar da aka tatsa daga tsofaffi ina take tafiya? Rabi a cacar ƙwallo ta waya, rabi a sabuwar shadda ta sallar da ko idi ba mu da tabbacin za a taru. Masallatai a rufe, tarawihi a tsakar gida muke yi, Babban Limamin Ghana Sheikh Sharubutu da kansa ya ce a bi doka a zauna, duk wannan bai sa zukatanku sun yi laushi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kun manta 'yan matan kayaye, masu dako a ka, da aka tare a Ejisu kusa da Kumasi cikin motar kaya, an lulluɓe su da tamfol, suna neman gudu arewa saboda yunwa ta fi musu cutar ban tsoro? Irinsu ne ke ɗauko muku buhu a ka daga tasha. Su ma farashin da kuka yanka wa tsohuwar nan shi kuke yanka musu.

Wallahi ba haka muka tarar da zango ba. Da goro aka gina unguwannin nan. Kakanninmu fatake ne, wasu daga Kano, wasu daga Sakkwato, da yawa ta Salaga suka biyo bayan yaƙin 1892 ya watsa kasuwarta. Baƙo zai sauka gidan maigida, ya danƙa masa kuɗinsa ba takarda ba shaida, ya tafi ya dawo bayan watanni ya tarar da su yadda ya bari. Mahaifina yana da wani littafi mai baƙin bango a shagonsa, na bashi. In azumi ya zo, da kansa yake bin shafukan yana soke na gwauraye da na marayu, bai taɓa faɗa wa kowa ba, sai bayan rasuwarsa muka gani. A lokacin, in aka ji ɗan wane ya tauye mudu, dattawan unguwa ne za su kira uban, kuma ranar ba zai iya ɗaga ido a masallaci ba. Yau uban ne ke yabon ɗan, wai yana da wayon kasuwa. Dattawan ma sun yi shiru, kowa na tsoron bakin yara.

Ku gyara, 'ya'yana. Ku ci riba, ba wanda ya ce ku faɗi, amma ku ci wadda za ku iya kallon idon mai saye. Annoba za ta wuce in Allah ya yarda, unguwa kuma ba ta mantuwa.

Tsohuwar nan rabin olonka ta karɓa. Na so in cika mata, ta ƙi, ta ce, "Alhaji, Allah ya saka, ba bara na fito ba." Ta ɗaure garin a gefen mayafinta, ta nufi wajen Asawase a hankali, tana tsayawa tana hutawa saboda azumi. Yau in an sha ruwa zan taka gidan mahaifin yaron nan, ko a ƙofa ne mu tsaya, ya ji daga bakina.