Littafin Eyam da ƙwaƙwalwar Inna

Ƙauyen Eyam, a yankin Derbyshire na Ingila, bai kai girman garinmu ba, amma na baro shi da nauyi a zuciya. Annoba ta shiga garin a 1665, an ce ta biyo ƙunshin yadi da aka aiko wa tela daga Landan. Limamin cocinsu, William Mompesson, ya shawo kan jama'a suka killace kansu, ba shiga ba fita. Kafin ta lafa a ƙarshen 1666 ta ɗauki rai kusan 260, kuma sunayensu na nan a littafin coci da ranar da aka binne kowa. Wata baiwar Allah, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'ya shida cikin kwana takwas. Na tsaya a kan kaburburan, can a wani fili a bayan gari, ina karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Tun 1538 Thomas Cromwell, babban wazirin Sarkin Ingila na lokacin, ya ba da umarni kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Shi ya sa manomin da bai san bihim ba ma sunansa bai ɓace ba.

Nan na tuna sanƙarau na 1996. Ƙanwata na cikin dubban da ya ɗauka a Arewa. Da na tambayi Inna ranar, sai ta ce, "Wata Talata ce dai, da zafin bazara." Yaran unguwarmu da suka tafi a makon, ita kaɗai ta rage mai iya lissafo su, ga shi tsufa ya kama ta.

Kuma ba rubutu muka rasa ba. Da ajami malamanmu suka yi wasiƙu da waƙoƙi, Tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda. Sarakuna muka rubuta, muka bar talaka a bakin tsofaffi. Shi ya sa mutum zai je kotu ya yi rantsuwa a kan shekarun da shi kansa ƙiyasi ya yi.

Ni a ganina aikin liman ne. Shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke sallatar gawa, ba abin da ke wuce shi. Na aika wa Malam, limaminmu, babban littafi mai bango ta hannun yayana, na roƙe shi ya fara da zama wurin Inna.