Bishiyar da Ba Ta da Mai Ita Ba Ta Kai Baɗi

Duk lokacin da na ga an baza hotunan gangamin dashen itatuwa, ana shelar an dasa dubu kaza, tambaya ɗaya ce take zuwa mini a rai: guda nawa ne za su ga damina mai zuwa? Ba don raina ƙoƙarin kowa nake tambayar ba. Ni ma na taɓa shiga irin wannan gangami da zuciya ɗaya, kuma abin da idona ya gani bayansa shi ya hana ni yin shiru.

Shekaru kaɗan da suka wuce muka haɗu, yara da manya, muka yi dashe a gefen wata doguwar hanya. Ranar kowa baki har kunne. An haƙa ramuka, an saka dashe, an zuba ruwa, an ɗauki hoto, aka watse. Bayan wajen wata bakwai na bi ta wurin da ƙafa, sai na tarar yawancinsu sun koma tsinke. Na tsuguna na kama ɗaya na ja, ya taho hannuna ba gardama, ga baƙar ledar da aka raine shi a ciki tana nan a gindinsa. Ashe ba a cire ta ba. Saiwar ta yi ta kewaye cikin ledar, ta nannaɗe kanta kamar ƙullin zare, har ta bushe ba ta taɓa ƙasar wurin ba. Na kusa da shi kuwa awaki ne suka cinye kansa, duk tohon da ya yi suka sake bi, har ya haƙura. Na daɗe a tsugune raina a ɓace, domin da hannunmu muka kawo su nan muka bar su.

A duk layin, bishiya ɗaya ce na samu ta miƙe, ganyenta shar. A ƙofar gidan wata dattijuwa take. Ta kewaye ta da ƙaya, ta yi mata ɗan gurbi a gindi, kullum tana juye mata ruwan da ta gama aiki da shi. Na gaishe ta na ce, "Mama, wa ya ba ki aikin kula da wannan?" Ta ce, "Ɗana, a ƙofata aka dasa ta. In ta mutu ni zan sha rana, in ta rayu ni da jikokina za mu sha inuwa." Ƙasa ɗaya, rana ɗaya, irin dashe ɗaya. Bambancin kawai, wannan ta samu mai ita.

Tun daga ranar na daina ɗaukar yawan abin da aka dasa a matsayin nasara. Dashe aikin safiya ɗaya ne, raino kuwa aikin shekara biyu ne ko uku, kuma shi ne ba ya shiga hoto. Wannan cuta ba ta ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ba ce. A ranar 11 ga Nuwamba, 2019, Turkiyya ta yi gagarumin gangami na dasa itatuwa miliyan 11 a yini guda. Ba a yi wata uku ba ƙungiyar ma'aikatan gona da daji ta ƙasar ta fito ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na dashen da ta duba sun mutu, saboda an dasa su ba a kan lokaci ba kuma ruwan sama ya yi ƙaranci. Gwamnati ta musanta, gaskiya ne, amma gardamar kanta ta nuna inda gizo ke saƙar: kowa ya san adadin da aka dasa, adadin da ya rayu kuwa sai jayayya.

Haka shirin nan na katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka tsara zai ratsa yankin Sahel daga Senegal zuwa Jibuti, tafiyar kusan kilomita 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka farfaɗo a ainihin yankin shirin. Niyya mai kyau ce, ina kuma fatan ta cika. Sai dai dashen da aka jera a dajin da ba kowa, ba mai ban ruwa, ba mai korar dabba, sakamakonsa sananne ne tun kafin a tashi daga wurin.

Abin da ya fi burge ni a wannan fage ya faru ne a Jamhuriyar Nijar, kuma kusan ba da dashe aka yi shi ba. Wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana rabon dashe a yankin Maraɗi, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura da cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara suna ƙonawa ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Saiwoyinsu suna nan da rai, sun nutsa ƙasa sosai, sun riga sun san inda danshi yake. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa ƙalilan mafiya ƙarfi a kan kututture, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski, ya kare su. Manoman yankin suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Amma akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba, kuma a wurina shi ne ƙashin bayansa. A da, dokar daji ta mayar da itace mallakar hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum yake. Wa zai wahala ya raini abin da za a ci shi tara in ya taɓa reshensa? Da aka sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, sai gonaki suka fara cika. Gawo ya dawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka hasken rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki, sannan ya yi ganye da rani lokacin da dabba ta fi buƙata. Wannan da maganar dattijuwar nan duk abu guda ne.

Marigayiya Wangari Maathai ta Kenya ta gane haka tun da wuri. Ƙungiyar da ta kafa a 1977 ta faro ne da itatuwa bakwai a Nairobi, kuma ɗan ihsanin da take ba matan karkara a kan dashen da ya rayu ake bayar da shi, ba a kan wanda aka tura cikin rami ba. Ƙungiyar ta dasa sama da miliyan 50, ita kuma ta karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2004.

Saboda haka, in ana son ra'ayina, unguwar da ke da ƙarfin rainon itace 50 kada ta karɓi 500. A dasa bayan ruwa ya zauna ƙasa ta sha sosai, ba ranar da ta dace da jadawalin babban baƙo ba. A haƙa rami mai faɗi, a yanke leda a cire ta a hankali kada ƙasar da ke jikin saiwa ta warwatse, a yi wa kowane dashe kariya kafin a bar wurin. Ban ruwa ma yana da ƙa'ida. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama tana jira, amma in aka shayar da shi sosai har ruwa ya nutsa, sannan aka ɗan ba shi kwanaki, saiwar za ta bi danshi ƙasa, kuma ita ce za ta riƙe shi idan rani ya tsananta. A kuma duba irin itacen. Turare yana saurin girma amma mashayin ruwa ne, bai dace da kowane wuri ba. Itacen da ya saba da ƙasar wuri, ko da yana da nawa, ya fi jure fari da gara. Sama da duka, kada a saka dashe a rami sai an san sunan wanda zai amsa tambaya a kansa: wannan gida, wannan aji, wannan mai rumfa.

Akwai kuma abin da nake ganin muna yi wa rashin adalci. Mun iya zagin mai saran itace, alhali sama da mutum biliyan 2 a duniya har yanzu da itace, gawayi da makamantansu suke hura wuta a gida. Matar da ba ta da wani makamashi ba maƙiyiyar daji ba ce, kuma wa'azi ba zai hana ta neman abin hura wuta gobe da safe ba. In ba a sama mata murhu mai cin itace kaɗan ba, ko itatuwan da za ta riƙa sassaƙar rassansu ba tare da ta kashe uwar ba, to muna dasawa da hannun dama ne ana sarewa ta hagu. Haka nan abin yana ci mini rai in ga an kayar da tsohuwar bishiya mai shekara ɗari don faɗaɗa gini, sannan a dasa tsirrai goma a ce an rama. Inuwarta, tsuntsayen da ke kwana a kanta, ƙasar da saiwarta ta riƙe kada ruwa ya kwashe, duk ba za su dawo a zamanin wanda ya sare ta ba.

A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ladan sadaka yana zuwa wa mai dashe ne duk lokacin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga abin da ya dasa. Dashen da ya bushe cikin leda babu tsuntsun da zai ci daga gare shi.

Bana da aka sake kirana gangami, na ce zan zo, amma guda uku kawai zan ɗauka, kuma a rubuta sunana a kansu. Na roƙi masu shiryawa su sa ranar da za mu koma mu ƙirga, a ƙarshen rani, mu sa hoton abin da muka tarar ko da bai yi daɗin gani ba. Biyu daga cikin nawa sun kama, sun fara sabon ganye. Na ukun ganyensa ya soma rawaya, ina zargin gara ce a gindinsa, gobe da sassafe zan tona in duba.