Na leƙa gidan giyar Kolon, na fito ina tunanin furar gida

Shekara shida ke nan ina zaune a birnin Kolon na ƙasar Jamus, kullum ina wuce gidajen nan da suke kira Brauhaus, ban taɓa sa ƙafa ba sai watan jiya. Wani dattijo a wurin aikinmu ne zai yi ritaya, aka ce can za a yi masa walimar bankwana. Ni Bazazzagi ne, Musulmi, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, kuma na san hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita. Uwargida ta ce, "Malam, ka ba su uzuri mana." To amma dattijon nan shi ya tsaya mini tsayin daka lokacin da nake baƙo ban san gabas ba ban san yamma ba. Na je, na yi awa ɗaya da rabi, na fito. Wanda ya ce na yi kuskure ba zan yi jayayya da shi ba. Abin da idona ya gani ne ya hana ni sakat.

Brauhaus gida ne da ake dafa giya a baya, a sayar da ita a gaba tare da abinci. Wanda ya san gidajen burukutu na Kudancin Kaduna ko Zuru, ko gidajen fito na arewacin Ghana, ya san tsarin: mai dafawa ita ce mai sayarwa, daga tukunya sai ƙwarya. Bambancin shi ne nan abin ya zama tutiyar gari. Akwai gidan Malzmühle da ke aiki tun 1858, wanda Shugaban Amurka Bill Clinton ya shiga a 1999 da ya zo taron manyan ƙasashe, akwai Päffgen tun 1883. Wanda muka je ba ɗaya daga cikinsu ba ne, amma duk kanwar ja ce: dogayen teburan katako da aka goge har suka yi fari, hayaniya kamar kasuwa ranar cinta, babu kiɗa, babu talabijin. Tsofaffi mata da miji, lauyoyi da kwat, leburori da kayan aiki, duk a benci ɗaya.

Mai hidimar wurin suna ce masa Köbes. Shuɗiyar riga, dogon bante shuɗi a gaba, jakar kuɗi ta fata a ƙugu, yana yawo da wani faranti mai mariƙi da ramuka da ake jera kofuna a ciki. Ba ya tambayar ka me kake so. Kana zama zai dire maka kofi, ya ja layi ɗaya da fensir a kan ɗan kwalin da ake ɗora kofin. Da ya ga kofin ya ƙare sai ya dire wani, ya ƙara layi. Ba zai daina ba sai ka ɗauki kwalin ka rufe bakin kofin da shi. A ƙarshe a ƙirga layuka, ka biya.

Ya zo kaina zai dire, na ɗaga hannu na ce ruwa nake so. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce ko in haɗo maka da sabulu da tawul? Teburin ya fashe da dariya. Raina ya ɗan sosu, na ɗauka don ni baƙar fata ne. Ashe tsohuwar zolaya ce da suke yi wa duk wanda ya nemi ruwa, ko magajin gari ne. Ya dawo mini da ruwan tufa mai gas, ya ja nasa layin, bai ƙara bi ta kan maganar ba.

A nan ne na gane inda na san mutumin nan. Mai shayin unguwarmu ne a Tudun Wada. Shi ma ba ya ce wa kowa ranka ya daɗe, yana ganin ka ya san cokali nawa na sukari kake sha, ya yi maka baƙar magana gaban jama'a ka yi dariya, bashinka kuma yana cikin ɗan littafinsa ba ƙari ba ragi. Wannan ya fi mini ladabin da ake yi a manyan gidajen abincinmu na zamani, inda yaro zai rusuna maka har ƙasa, ya yi ta "yallaɓai, yallaɓai", sannan ka yi awa guda kana jiran shinkafa, in takardar kuɗi ta zo ka ga lemon da ba ka sha ba. Ladabin da ake yi wa babbar rigarka ba hidima ba ne. Har wasan gari suna da shi: ka kuskura ka nemi giyar Düsseldorf, garin maƙwabtansu, a Kolon, ka ga yadda za a yi maka ca, kamar Bakano ya shigo majalisar Zagezagi.

Abincin kuwa, kada a yaudare ku. Rabin abin da ke takardar alade ne: ƙaurin alade, tsiran alade, har da wani na jini da ake ci da dankalin Turawa da tufa. Wata abokiyar aiki ta ce in nemi Halver Hahn, wato rabin zakara. Na ce ai ban san wa ya yanka ba. Ta ce kwantar da hankalinka. Sai ga ɗan burodi an tsaga, da ƙaton yankan cuku, da albasa. Babu zakara, ko gashinsa. Na ƙara da wani soyayyen dankali da aka gurza, kamar ƙosai mai faɗi, ana dangwala shi a markaɗaɗɗiyar tufa. Ba laifi, ya ciyu. Amma ko mai tsiren da ya fi kowa rowar yaji a Zariya zai koya musu aiki.

To me ya dame ni? Kofin nan. Siriri ne, dogo, yana cin kashi ɗaya cikin biyar na lita, kuma a jikinsa akwai ɗan layi da doka ta ce abin sha ya kai nan. A Munik kofinsu lita guda ne, nan kuwa ƙarami suka zaɓa don kada sanyin abin ya tafi kafin a shanye. Tun 1516 sarakunan Bavariya suka kafa dokar cewa ba a sa komai a giya sai sha'ir da ruwa da wani fure mai ɗaci. A 1986 masu dafa giya sama da ashirin na yankin Kolon suka sa hannu kan yarjejeniyar abin da za a iya kira Kölsch, wato giyar Kolon, da inda za a dafa shi, a 1997 kuma Tarayyar Turai ta ba sunan kariya. Abin da mutanen unguwa ke sha, an yi masa suna, an yi masa ma'auni, an yi masa gida mai tebur da bayan gida mai tsabta, har shugaban ƙasa ya zo ya zauna.

Mu da Allah ya ba abin sha na halal iri-iri fa? Fura da nono, kunun zaƙi, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, zoɓo, lamurje, kunun aya. Har yau 'yar Fulani tana tafe cikin rana da ƙwarya a ka, ana taya furarta kamar ana yi mata alfarma. Zoɓo kuwa a tsofaffin robobin ruwa da yara suka tsinto ake ɗura shi. In baƙo ya zo daga nesa, kunya muke ji mu ba shi kunu, sai a aika yaro ya sayo lemon kwalba. Mutanen Balansiya a Sifaniya sun yi wa ayarsu rajista, suna da shaguna na musamman na kunun aya mai sanyi, alhali ƙasar tasu tana sayen aya daga Nijar. Dawarmu ma haka. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na malta suka koma kan dawar Arewa. Su sun san darajarta, mu da muke nomawa muna auna ta a tiya mai lotsattsen gindi. Nijar dai ta yi abin a yaba, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar asali a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka. Na ga kuma an fara buɗe shagunan fura masu firji a Kano da Kaduna, sai dai da yawa sun fi ba da ƙarfi ga fenti da suna na Turanci fiye da ingancin nono.

Kada wani ya ce na yi sha'awar rayuwarsu. Wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa a Kolon daren Asabar, ko ya ga titi da safe bayan bikinsu na Karneval, ya san abin da kofin nan siriri ke haifarwa idan layukan fensir suka zagaye kwali. Yaro ɗan shekara 16 doka ta yarda ya sayi giya a ƙasar nan. Majalisarmu ta ƙofar gida, da tabarma da butar shayi, tana kai mutane tsakar dare ana hira ba wanda hankalinsa ya gushe, kuma ba sai kana da ko sisi ba. Abin da na yi wa ƙyashi shi ne yadda suka ɗauki nasu da muhimmanci.

Na rufe kofina da kwali, na biya kuɗin layi biyu da burodi, na yi wa dattijon addu'ar hutawa lafiya. Ranar Litinin uwargida ta jiƙa ayar da aka kawo mana tsaraba daga Maraɗi, ta markaɗa da dabino da kwakwa, na tafi da ita ofis a cikin fulas. Kafin azahar babu ko ɗigo. Wadda ta haɗa ni da rabin zakara ta zo da biro da takarda, ta ce in rubuta mata sunan abin da shagon da ake sayarwa. Na rubuta mata sunan.