Tarihin Daura bai tsaya a bakin Kusugu ba

Duk baƙon da ya shigo Daura, wuri biyu ake fara kai shi: rijiyar Kusugu da ƙofar fada. Tun daga watan Yulin 2025 an samu na uku, wato gidan marigayi Muhammadu Buhari, inda aka yi masa makwanci. A bakin rijiya za a ba shi labarin Bayajida da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da auren Daurama, da yadda zuriyarsa ta kafa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Daga nan sai baƙo ya sha ruwa, ya ɗauki hoto, ya kama hanya. Ina alfahari da wannan labari kamar kowane ɗan ƙasar nan. Abin da ke damuna shi ne mun ɗaure tarihin masarauta guda a cikin ganuwar birni, mun bar ƙauyukan da suka riƙe ta a waje.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ba a cika faɗa wa yara ba. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, Sarki Gwari Abdu kuma ya fita da jama'arsa. Gidan sarautar bai mutu ba. Zuriyarsa ta kafu a Zango, wani reshe kuma a Baure, suka yi kusan shekara ɗari suna riƙe da suna da sarautu da al'adun fada, a tsakanin ƙarfin Damagaram ta arewa da na Kano ta kudu. Sai a farkon ƙarni na 20 Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa a birni. Daga wannan gida Sarki Abdurrahman ya fito, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sannan Muhammadu Bashar har 2007, sannan Mai Martaba Umar Faruk Umar. Wa ya ciyar da wannan sarauta tsawon shekarun da take waje? Manoman gero da makiyayan waɗannan jigayi ne. Da gonakinsu ba su ɗauki nauyin ba, da yau babu hawan Gani da muke tinƙaho da shi.

To yaya ƙasar take yanzu? Ƙananan hukumomi 5 ne a masarautar: Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure. Ƙasa ce ta rairayi, damina wata uku zuwa huɗu, daga nan sai rani mai tsawo da iskar hunturu mai kwashe saman gona. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin dogaro, sai dabbobin da ake kaiwa kasuwar Mai'adua. Dattawa a kowane ƙauye za su nuna maka inda a da ake da duhuwar itatuwa, yanzu fili ne fetal. Gatari ya ci, gawayi ya ci, gādo kuma ya rarraba gonaki har wani magidanci ba ya noma abin da zai kai shi watan bakwai. Shi ya sa da an yi girbi samari ke ficewa cirani.

Na san abin da za a ce mini: ai Daura ta samu rabonta. An kafa Jami'ar Sufuri, an kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma ta nan aka tsara ya bi. Gaskiya ne, kuma duk mai ƙaunar garin ya yi murna. Amma jirgin ƙasa kaya yake ɗauka, idan gona ba ta ba da amfani ba me za a loda masa? Ɗalibin da zai cika waɗannan makarantu ma sai mahaifinsa ya sayar da buhun wake kafin ya biya masa kuɗin rajista.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin yana nan kusa, tsallaken Kongolam kawai. A yankunan Matamaye da Magarya na Jamhuriyar Nijar, 'yan uwanmu ne na jini da harshe, ƙasarsu ma ta fi tamu ƙarancin ruwan sama. Tun daga shekarun 1980 manoma can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: idan kututture ya yi toho a gona, ba a sare shi, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Ba a sayi dashe ba, ba a jira kwangila ba. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta haka a Nijar. Gawo ne kan gaba a cikin itatuwan, kuma kowane manomi ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da tumaki da awaki a tsakiyar rani. Geron da ke gindin gawo daban yake da na sauran gona, ido ma ya isa shaida.

A nan ne masarauta ke da ƙarfin da ma'aikatar gwamnati ba ta da shi. Manomi ba zai raini itace shekara biyar ba idan yana tsoron wani ya zo da dare ya sare, ko a ce masa itacen na hukuma ne. Idan fada ta umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su tabbatar cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, wanda ya sare ba izini kuma ya biya, maganar za ta zauna. Ƙananan hukumomin biyar su ɗauki nauyin kai manoma Matamaye su gani da idonsu kafin sharar gona ta bana. Su kuma masu shirya bikin Gani su sa Zango da Baure cikin wuraren da ake kai baƙi, malaman firamare su koya wa yara sunan Gwari Abdu kamar yadda suke koya musu na Bayajida.